A Ba Ɗan Ƙwaya Aiki, Ko A Kore Shi?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutane, a kasuwa da fada da ofisoshin hukuma, har ta zama kamar dokar da ba a rubuta ba. Ana cewa wai ɗan ƙwaya ba ya aiki, ba ya riƙon amana, kuma duk wanda ya ɗauke shi aiki ya sayo wa kansa hasara da kuɗinsa. A ƙasar Arewa, tun daga Dogon Kiriya da Sukukutan har zuwa Tibiri da Gesheme, da wannan magana ake sallamar ɗan barema daga gona, da ita ake karɓe babur daga hannun ɗan kabu-kabu, da ita kuma ake mayar wa saurayi da kayan neman aurensa. Tun da yake abin ya shafi abincin mutane da mutuncinsu, ya wajaba a zauna a auna ta da kyau, a ga inda take da gaskiya, a ga kuma inda ta wuce gona da iri.

Da farko sai mu san abin da ake sha. A garuruwanmu akwai tabar wiwi, akwai sholisho da yara ke shaƙa, akwai ƙwayoyin sa barci, amma wadda ta game ko'ina ita ce tramadol, wadda kowa ya sani da sunan tramol. Asalinta maganin kashe zafin ciwo ce, dangin morfin. Kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ya haɗa ta a 1962, aka soma sayar da ita a 1977. Wadda likita ya saba rubutawa miligiram 50 ce ko 100, kuma ƙa'idar likitoci ita ce kada babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini guda. Wadda masu tebur da masu yawo da magani ke sayarwa kuwa, akwai mai 120, da mai 200, da mai 225, har da mai 250. Ke nan wanda ya haɗiye 2 masu 225 da safe ya riga ya ƙetare iyakar yini tun rana ba ta yi zafi ba. Mafi yawanta daga Indiya take fitowa, jiragen ruwa su sauke ta a bakin teku, motoci su hau da ita zuwa ƙasashen Sahel. Da gwamnatin Indiya ta tsananta doka a kanta a watan Afrilu na 2018, sai ƴan fataucin suka ƙara da wata ƙwaya da aka haɗa daga tapentadol da karisoprodol, wadda gidan BBC ya tona asirinta a watan Fabrairu na 2025, Indiya ta hana yin ta. A nan gida kuwa, doka mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999 ta tanadi hukunci ga mai fataucin miyagun ƙwayoyi da mai shan su, kuma akwai ofishin OCRTIS na ƴan sanda da ke farautar masu safara.

To, mene ne ya sa tramol ta sami karɓuwa haka a karkara, inda mutane ba su da kuɗin banza? Amsar ita ce ginshiƙin wannan sharhi. Tramol tana aiki a jiki ta hanya biyu: tana danne ciwo kamar sauran danginta, tana kuma taɓa wasu sinadarai na ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ji karsashi. Wanda ya sha ta ba ya jin ciwon baya, ba ya jin gajiya da wuri, yunwa ma takan kwanta masa. Yanzu sai a dubi ƙasa irin Dogon Kiriya, can arewacin gundumar Dogon Dutsi, inda damina ba ta da tsawo, inda gero da wake ke jiran a yi musu noman farko cikin ƴan kwanaki kafin ciyawa ta shaƙe su, inda kuma da yawa daga majiya ƙarfi ke makara a wurin bida. A dubi ɗan barema da ake biya gwargwadon abin da ya nome. A dubi ɗan kabu-kabu da ke ɗora buhu biyu da mutum a kan babur, yana keta yashi daga wannan kasuwa zuwa waccan. A dubi mai haƙa rijiya, da mai bugun bulo, da ɗan dako a Legas ko Kwatano ko Abijan, da yaronmu da ya tafi ramin zinariya a Jado tun da aka gano ta a 2014. Waɗannan su ne kasuwar tramol. Da yawansu sun soma ta ne domin su cika aikin yini, wani ma a cikin kofi ya fara gamuwa da ita wajen mai shayi.

Har dabbobi ba su tsira ba. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwa cewa sun sami tramadol a cikin saiwar tafashiya a ƙasar Kamaru, duniya ta ɗauka itacen ne ke yin ta da kansa. A 2014 wasu masana na Jamus suka sake bincike, suka gano cewa manoman arewacin Kamaru ne ke ba shanun aiki ƙwayar don kada su gaji, fitsarinsu da kashinsu suka jiƙa ƙasa, saiwar ta tsotsa. Abin da aka yi wa sa, shi talaka ke yi wa kansa.

Saboda haka wanda ya tambaya ko ɗan ƙwaya zai iya aiki, tambayarsa ta zo a makare. Yana aikin tun tuni. A cikin geron da ke rumbunanmu akwai wanda hannunsa ya noma, a cikin ginin da muke kwana akwai tubalin da ya buga, kuma sau nawa ya ɗauko mace mai naƙuda da tsakar dare ya kai ta gidan likita? Mai gonar da ya ga yaro ya nome a yini guda abin da aka saba nomewa a kwana biyu, ya yi murna bai tambaya ba, shi ne kuma bayan shekara biyu zai fara cewa yaron nan ɗan ƙwaya ne, kada a yarda da shi. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani.

Amma fa kada wani ya ce muna wanke ƙwaya. Maganar mutane tana da gaskiyarta, kuma gaskiyar mai ɗaci ce. Ƙarfin da tramol ke bayarwa bashi ne, jiki kuwa yana biya da riba. Bayan ƴan watanni ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Wanda da yake sha domin ya fi kowa aiki, sai ya koma yana sha domin ya iya tashi daga tabarma. Ran da bai samu ba, kafin yini ya zagayo sai zufa, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da rashin barci, da faɗuwar gaba, da saurin fushi. Idan kuma ya sha da yawa, tana iya kayar da shi kamar mai farfaɗiya, ba sallama ba gargaɗi. A tsaya a yi tunanin wannan faɗuwa a kan babur da fasinja a baya, ko a ƙasan rijiya mai gaba 20, ko a kan tsani, ko da bindiga a hannu. Sa'an nan ga maganar kuɗi. Buƙatar tana zuwa kullum kamar yunwa, ladan aiki kuwa ba kullum yake zuwa ba. Daga nan ake soma cin bashi, a koma ƙarya, a koma taɓa kuɗin balas na mai babur, ko tiya biyu daga buhun gida. Ba a haifi yaron ɓarawo ba, amma wanda aka yi wa satar bai damu da wannan bayani ba, kuma yana da hakki.

Don haka muna faɗa ba tare da kwana-kwana ba: mutumin da ke cikin shan ƙwaya yau, wanda bai soma magani ba, kada a ba shi tuƙin motar haya, kada a ba shi makami, kada a ba shi mabuɗin asusu ko na ɗakin magani, kada a bar masa tsaron ƙananan yara shi kaɗai. Wannan ba cin mutunci ba ne. Mai dundumi ba a ba shi gadin dare, ba kuwa don an ƙi shi ba.

Inda maganar mutane ta kauce hanya shi ne wajen mayar da wannan hukunci na yau ya zama hukuncin har abada, da kuma tara kowa cikin kwando ɗaya. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abin maye a shekarar da ta gabata, ban da giya da taba. A cikinsu, wajen mutum 1 cikin 5 ne abin ya zame wa cuta. Binciken ya kuma nuna 1 cikin 4 na masu shan mace ce, abin da mu a nan ba mu cika son ji ba. Ashe akwai wanda ya ɗanɗana, akwai wanda ke sha lokacin noma kaɗai, akwai wanda ta kama, akwai wanda ke fama ya rabu da ita, akwai kuma wanda ya bari shekaru da suka wuce amma sunan bai bar shi ba. Mu kuwa kalma ɗaya muke da ita gare su duka.

Akwai wani labari daga Amurka da ya cancanci a daɗe a kansa, domin yana koyar da abu biyu a lokaci guda. William Halsted yana cikin manyan likitocin fiɗa da duniya ta taɓa yi. Shi ya kawo sa safar hannu ta roba a ɗakin fiɗa, shi ya tsara yadda ake horar da matasan likitocin fiɗa a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimo, tsarin da ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A 1884 yana gwada hodar iblis a jikinsa domin ya ga yadda take kashe zafi wajen fiɗa, sai ta kama shi. Aka kwantar da shi asibiti, masu maganin suka musanya masa ita da morfin, ita ma ta kama shi. Abokinsa William Welch bai yar da shi ba. Ya jawo shi Baltimo, ya fara ba shi aikin bincike a ɗakin gwaji, inda ba ran mutum a hannunsa, sai daga baya aka ba shi shugabancin sashen fiɗa. Ya yi aiki fiye da shekara 30 har ya rasu a 1922. Mutane suka ɗauka ya warke sarai, sai a 1969 da aka buɗe wani rubutun sirri na abokin aikinsa William Osler aka san cewa ya ci gaba da morfin shekaru da yawa yana kan aiki. An kuma san cewa yakan ɓace daga asibiti na tsawon lokaci, almajiransa su rufa masa asiri su yi aikin. Wanda ya ce ɗan ƙwaya ba shi da amfani, Halsted ya ƙaryata shi. Wanda kuma ya ce tun da mutum na zuwa aiki ai lafiya lau, Halsted ya ƙaryata shi shi ma, domin da ba a kewaye shi da mutanen da ke tare ɓarakar ba, da labarin ya zama wani iri. Yaronmu na tasha ba shi da Welch, ba shi da albashi, kuma bai san ma abin da ke cikin ƙwayar da yake saye ba.

Ana barin ta kuwa? Ana bari. A lokacin yaƙin Biyetnam, wajen 1 cikin 5 na ƙananan sojojin Amurka da suka baro can a watan Satumba na 1971 sun ce hairoyin ko danginta sun kama su. Hukumomi suka tsorata, suna jiran ƙasa ta cika da mashaya. Wata masaniya mai suna Lee Robins ta bi sawunsu, ta tarar cewa a shekarar farko bayan komowa gida kashi 5 cikin 100 kaɗai na waɗanda ta kama ne suka koma cikin kamun, a cikin shekara 3 kuma kashi 12. Sun bar wurin tsoro da wahala inda ƙwaya ke da arha, sun komo ga iyali da sana'a. Mu lura da kyau, domin ɗanmu da ya komo daga Jado ko daga bakin teku yana kama da sojan nan. Bambancin kawai shi ne, shi in ya sauka daga mota zai tarar da ita a teburin bakin tasha, ya kuma tarar da sunansa ya riga shi isowa gari.

Misali na biyu ya fi kusa da maganar amana. A Amurka akwai tsari na musamman ga likitocin da giya ko ƙwaya ta kama. Ana dakatar da mutum, a yi masa magani, sa'an nan a mayar da shi aiki bisa yarjejeniya ta wajen shekara 5, ana yi masa gwajin ba zata, ana bin halinsa a wurin aiki. Wani bincike da aka buga a 2008 ya bi likitoci 904 a jihohi 16, ya tarar cewa bayan shekara 5 kusan kashi 79 cikin 100 suna riƙe da lasisinsu suna aiki. Mutanen da ake ba wuƙar fiɗa da mabuɗin ɗakin magani ke nan. Abin da ya riƙe su a fili yake: an yi musu magani na gaske, an sa musu ido na dogon lokaci, kuma sun san akwai aikin da ke jiransu, wanda za su rasa in suka yi wasa. Duk da haka kada a yi tsammanin hanyar a miƙe take. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa maganin maye sukan sake zamewa, kusan kamar yadda mai hawan jini ko mai asma ke sake tashi. Mai gidan da ya shirya wa zamewa ɗaya tun farko, ya san abin da zai yi in ta faru, shi ne zai iya riƙe yaro har ya tsaya da ƙafarsa.

Wani zai ce wannan duk na ƙasashen masu kuɗi ne, mu ina muka ga na'urar gwaji a Dogon Kiriya? Gaskiya ne, amma dabarar da ke ƙarƙashin tsarin ba baƙuwa ba ce gare mu. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tsarin da ya bazu cikin ƙasa har ya ƙetara zuwa ƙasashe da yawa. Akwatin irin wannan asusu kwaɗo 3 gare shi, mabuɗan suna hannun mata 3, akwatin yana ɗakin wata dabam, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Babu wadda ta taɓa cewa an zarge ta da sata don an ba ta mabuɗi ɗaya tak. Matan nan sun gane cewa amana tana zama lafiya in an yi mata shinge. Haka malaman fiƙihu suka tsara game da shaida: ba a karɓar shaidar mashayi, amma in ya tuba, aka ga alamar gyaruwa ta tabbata a kansa, sai a karɓa. Ba su ce a karɓa ran da ya yi rantsuwa ba, ba su kuma ce a rufe masa ƙofa har kabari ba.

Da wannan ma'auni za a iya mayar da mutum aiki hawa-hawa. Wanda ya zo da kansa ya ce yana son ya bari, a ba shi aikin da ake yi cikin jama'a da rana: gayya, gyaran fili, dashen itatuwa, ɗaukar kaya a bankin cimaka ba tare da mabuɗi ba. A biya shi da hatsi, ko a raba ladan, wani kaso ya tafi hannun matarsa ko mahaifiyarsa da yardarsa, domin kuɗi a aljihu cikin watannin farko abokin gaba ne. In ya yi wata 3 yana zuwa kan lokaci, a ƙara masa. In ya yi shekara, a yi maganar babur, da sharaɗin kawo balas kowace yamma a gaban shaida. In ya zame, ya sauko hawa ɗaya, a mayar da shi wajen likita, kada a ce komai ya rushe. A nan ne ku da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci kuke da babban aiki. Ku ne ke riƙe da littafin ƙungiya, ku ne za ku rubuta yarjejeniyar da Hausa a karanta wa kowa, ku sa ranar da aka soma da ranar da za a sake dubawa. Ku ne kuma za ku iya karanta lambar da ke jikin kwalin ƙwaya ku gaya wa ƙanenku abin da 225 ke nufi.

Sai a tambaya, in an kore shi fa, ina za shi? Za shi tasha, ko inuwar da ƴan uwansa ke zama. Buƙatarsa ba ta ragu ba, abin samunsa ne ya yanke. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya soma sayar da ƙwayar domin ya sami tasa, sai garin da ya kori mai sha ɗaya ya wayi gari da dillali. Ban da wannan, a yankin kan iyaka irin namu kowa ya san akwai masu neman saurayin da ba shi da aiki, wanda gida ya fitar da rai da shi, kuma ba aikin alheri suke kiransa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wasu iyaye kuma in sun gaji sai su kai yaro a sa masa mari. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki, a cikinsu har da waɗanda iyayensu suka kai da sunan gyaran hali. A watan da ya biyo aka sami irinsa a Daura da wasu garuruwa. Sarƙa tana hana ƙafa zuwa wurin mai tebur muddin tana ɗaure. Ran da aka kwance ta, yaron zai fito da tsohuwar buƙatarsa, ya ƙara da sabuwar ƙiyayya.

Ga ma'aikatan hukuma akwai magana ta dabam. Ana jin masu cewa a yi wa kowa gwaji kafin a ɗauke shi aiki, suna kafa hujja da Kano, inda hukumar NDLEA ta gwada ƴan takara kafin zaɓen ƙananan hukumomi na Janairu 2021 da na Oktoba 2024, wasu kuma suka faɗi. Gwaji yana da amfani a aikin da ran mutane ke hannun ma'aikaci. Amma a san iyakarsa. Fitsari yana ba da labarin ƴan kwanakin da suka wuce ne kawai game da tramol, wanda ya san ranar gwaji kuma ya daure zai iya tsallakewa, kuma ba kowane abin gwaji ke ganin ta ba sai wanda aka yi dominta. Mafi girma kuma, gwaji ba ya auna amana. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙullin wiwi a wani ɗakin ajiya a Yamai. A watan Janairu na 2022 an kama kilo 214 na hodar iblis a cikin motar magajin garin Fashi, a jihar Agadas. Kaya irin wannan ba ɗan kabu-kabu ke shigo da shi ba, kuma mai yiwuwa ne masu shi su ci gwajin fitsari da kyakkyawan sakamako.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta shiga tun 1961, ta fitar da ƙa'idoji a 1996 game da giya da ƙwaya a wurin aiki. Ta shawarci masu ba da aiki su ɗauki matsalar kamar sauran matsalolin lafiya, su riƙe sirrin ma'aikaci, su fifita magani a kan kora, kuma kada a nuna bambanci ga wanda ya nemi magani ya gyaru. Shugaban ma'aikata da ya tona asirin wanda ya zo masa da kansa, to ya sani ya koya wa sauran su ɓoye nasu, ɓoyayyen kuwa shi ne mai haɗari. Haka nan ɗauke malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya mai wannan matsala a jefa shi ƙauye mai nisa da sunan horo, zalunci ne ga ƙauyen, kuma kaɗaici ba ya warkar da kowa.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai da magani a kusa. Barin tramol farat ɗaya bayan an daɗe ana shan mai yawa yana da wuya ƙwarai, shi ya sa likitoci ke rage ta sannu a hankali, suna ba da abin da zai sassauta gudawa da ciwon jiki da rashin barci. Mafi tsananin wahalar takan ɗauki wajen mako guda, sha'awar kuwa takan yi watanni tana dawowa. Manomin Dogon Kiriya ba zai iya zuwa sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai don wannan ba, ga kuɗin mota, ga sunan da zai komo da shi. Ƙasar Senegal ta buɗe cibiyar CEPIAD a asibitin Fann na Dakar a ƙarshen 2014, inda masu fama da hairoyin ke karɓar maganin metadon su wuce harkokinsu. Mu abin da muke roƙon ma'aikatar lafiya bai kai wannan tsada ba: a horar da likitocin asibitin gundumar Dogon Dutsi da na Tibiri, da shugabannin gidajen likita na ƙananan hukumomi 10 na gundumomin biyu, yadda za su karɓi mai wannan cuta ba tare da tsawa ba, su rage masa ƙwayar bisa ƙa'ida, su kuma ba shi takardar shaida da zai nuna wa mai gidansa in ya so.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda masu tsara aiki a ofis sukan manta. Ba wanda zai yarda ya kwanta mako guda yana zufa da gudawa a watan Yuli, ciyawa na cin gonarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya dace shi ne bayan an ɗaure damman gero, kafin samari su kama hanyar bida, sai kuma watannin Afrilu da Mayu da suke komowa kafin ruwan shuka. A waɗannan makonni ne ya kamata hukumomin Dogon Kiriya, da Matankari, da Dan Kasari, da sauran ƙananan hukumomin Arewa su haɗa sarakunan gargajiya, da limamai, da shugabannin ƴan kabu-kabu, da ƙungiyoyin manoma da na mata, a sanar a kasuwa da rediyo ranakun da likita zai zauna don wannan aiki. A kuma tanadi guraben aikin rani, na gyaran ƙasa da na yashe tabkuna, ga waɗanda suka zo da takardar likita a hannu.